Sanƙarau Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Jawabin da wakiliyar 'yan ajin yaƙi da jahilci ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, 'yan uwa da suka taso daga Tsafe da Bungudu tun da farar safiya, da na nan cikin Gusau, da masu gidajenmu da suka ba mu izini har wasunsu suka rako mu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

An karanta mana lissafin shekara, mun ji abin da ya shiga asusu da abin da ya fita, mun kuma yi wa uwar adashe godiya. Mu 'yan aji an ba mu ɗan lokaci mu ce wani abu. Da muka zauna shawara, wasu suka ce a yi maganar tsadar kaya, wasu suka ce maganar masu cin bashi ba su biya. A ƙarshe muka tsaya a kan sanƙarau. Dalilinmu shi ne, cikin abubuwan da ke karya jarin mace ba mu san wanda ya kai ciwon yaro ba, kuma cikin ciwon yara ba mu san wanda ya kai sanƙarau sauri ba. Mu ba likitoci ba ne, masu tiya ne da masu kayan miya. Amma mun zauna da ma'aikatan lafiya mun yi musu tambayoyi, mun rubuta amsa a littafinmu na aji da hannunmu. Abin da muka rubuta shi za mu karanta muku, mu ƙara da abin da muke roƙon ƙungiya ta yi.

Wanga ciwo ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A shekarar 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, an yi annobar sanƙarau a Arewa wadda ta kama sama da mutum 100,000, ta kashe sama da 11,000. Da yawanmu lokacin muna 'yan mata, muna jin ana ta koke-koke a unguwa. Sai kuma ta 2017, wadda babu wadda ta manta da ita a ɗakin nan. A nan Zamfara ta fara, a ƙarshen 2016. Kafin damina ta sauka an ƙirga sama da mutum 14,000 a faɗin Nijeriya, sama da 1,100 sun riga mu gidan gaskiya, kuma kusan rabin waɗanda ta kama 'yan jihar nan ne. Allah ya jiƙansu. A bazarar 2025 ma ta ɓulla a maƙwabtanmu na Kebbi, wajen Gwandu da Aliero da Jega. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Masana sun ce akwai ƙasashe 26, daga Sanagal har Habasha, da ciwon ke zagayawa duk rani, kuma mu muna tsakiyarsu.

To mene ne sanƙarau? Ƙwaƙwalwar mutum da lakar da ke cikin ƙashin bayansa suna da wani tantani da ya lulluɓe su, da ɗan ruwa a ciki. Idan ƙwayar cuta ta shiga wannan wurin, tantanin sai ya kumbura, ga shi kuma ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba shi fili. Shi ya sa ciwon kan yake da tsanani haka, shi ya sa wuya ke sanƙarewa. Ƙwayoyin da ke kawo shi iri-iri ne, amma wadda ke yi mana annoba a rani wata bakteriya ce mai zama a hanci da maƙogwaro. Abin mamaki, kamar mutum ɗaya cikin 10 na iya yawo da ita a maƙogwaro yana cikin ƙoshin lafiya, bai sani ba. Daga shi take tsallakawa zuwa wani ta tari, da atishawa, da kwana kusa da juna a ɗaki mai cunkoso. Wanda ta kama yakan fara ciwo tsakanin kwana 2 zuwa kwana 10.

Mun taso muna jin ana cewa zafi ne ke kawo sanƙarau. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don lokacinsa daga hunturu ne zuwa faɗuwar ruwa, kuma ya fi ƙarfi a watan Maris da Afrilu. Amma yadda aka bayyana mana, iskar hunturu da ƙura su ke busar da hanci da maƙogwaro har su yi 'yan tsage-tsage, kamar yadda ƙafa ke yin faso. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta nan ƙwayar ke faɗawa cikin jini, ta kai ga ƙwaƙwalwa. Da ruwan sama ya kankama, iska ta yi laushi, sai ka ga ciwon ya lafa.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wato gane shi. Ga babba, ko yaron da ya iya magana, alamun su ne zazzaɓi mai zafi da ke zuwa farat ɗaya, da ciwon kai irin wanda mutum bai taɓa ji ba, da amai, da sanƙarewar wuya. Za ki ga ba ya son haske, yana rufe ido, yana neman lungu. Zai iya fara sambatu, ya kasa gane mutanen gida, ko ya yi ta barci ana tashinsa da ƙyar, ko ya kama jijjiga. Akwai gwajin da kowace uwa za ta iya yi: ki ce masa ya sunkuyar da kai ya taɓa ƙirjinsa da haɓarsa. Idan ya kasa, ko ya yi ƙara don zafi, to a ɗauki hanya. Amma ku riƙe wannan da kyau, ba dole ne alamun su taru duka ba, kuma sanƙarewar wuyan takan zo daga baya. Wadda ta ce bari ta jira ta ga wuya ya sanƙare tukuna, ta ba ciwon awannin da yake nema.

Jariri kuwa nasa daban ne, don sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Uwa ta duba maɗiga. Idan ta kumbura ta yi tauri alhali yaron ba kuka yake ba, wannan babbar alama ce. Sai ƙin kama nono, da kuka mai tsini wanda ba irin nasa ba, wanda ko an ɗauke shi sai ya ƙara tsananta. Jikinsa na iya saki kamar tsumma, ko ya ƙage ya banƙare. Na 'yan kwanaki ma jikinsa na iya yin sanyi maimakon zafi. Kakanni da ungozomomi, ku ne kuka fi kowa sanin jarirai, muna roƙonku idan kuka ga haka kada ku ce a shafa wani abu a maɗiga a ga abin da hali zai yi. Ku ku fara cewa a tafi asibiti, maganarku ta fi tamu shiga.

Akwai wata alamar da ba kowa ya sani ba. Wani lokacin ƙwayar takan ɓata jini, sai wasu ɗige-ɗige ja ko masu duhu su fito a jiki kamar an tsattsaga allura, daga baya su zama kamar kwanciyar jini. A fata irin tamu suna da wuyar gani, don haka a duba tafin hannu, da tafin ƙafa, da cikin fatar ido, da cikin baki. A samu kofin gilashi a danna a kai. Ƙuraje na zafi sukan dushe idan an danna, waɗannan kuwa suna nan daram ana hangensu ta cikin gilashin. Idan aka haɗa da hannu da ƙafa sun yi sanyi alhali jiki na zafi, ba sauran zama.

Abin da ke ruɗa mu shi ne duk zazzaɓi a wurinmu maleriya ne ko taifot. Farkon sanƙarau kuwa kamar maleriya yake. Ma'aikatan lafiya sun ja kunnenmu cewa ko an yi gwajin jini a kemis an ga maleriya, wannan bai wanke yaro daga sanƙarau ba, don ana iya samun su biyun a jiki ɗaya. Maganin maleriya ba ya kashe ƙwayar sanƙarau. Farasitamol yana sauke zafin jiki na ɗan lokaci, uwa ta ga kamar an samu sauƙi, alhali ciwon na nan yana cin gaba a ciki. Saboda haka idan rani ne, zazzaɓi ya zo da ƙarfi, yaron da ya yi wasa da safe ya zama ba ya iya ɗaga kai da azahar, a bar zancen kemis. Mai kemis ɗan uwanmu ne, yana yi mana rana sosai, amma wannan ya fi ƙarfin shagonsa, kuma na kirki a cikinsu shi da kansa zai ce a wuce asibiti.

Me ya sa muke ta maimaita sauri? Domin wanda ba a yi wa magani ba, cikin mutum biyu ɗaya na iya tafiya, kuma yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu da fara ciwo. Idan an yi magani, yawan masu mutuwa yakan sauko zuwa kamar ɗaya cikin 10. Ku duba tazarar da ke tsakani. Mu 'yan kasuwa mun san kayan gwari. Mai tumatir ba ta cewa bari kasuwa ta gaba, don ta san abin da za ta tarar a kwando. Haka za mu ɗauki wannan ciwo.

Kafin a isa asibiti, idan yaro na jijjiga, a kwantar da shi ta gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ko man ja, don yana iya bi ta hanyar numfashi. Kada a turara masa hayaƙi, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. A rage masa tufafi, a shafa masa ruwa mai ɗan ɗumi, a ɗauke shi. Mun sani idan mutum ya fara sambatu yana banƙarewa, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne iska ce ta taɓa shi. A 2017 ma an yi ta muhawara a rediyo, wasu na cewa azaba ce ta sauka saboda zunubi. Mu dai abin da malamanmu na Islamiyya suka koya mana shi ne ciwo da waraka duk na Allah ne, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. A yi addu'a, a tofa, amma a yi ta a cikin Keke ana tafiya. Sakiya da ƙaho a ƙeya kuwa ba sa kai wa inda ciwon yake, sai dai su ƙara wa yaro rauni.

Idan an isa, kada a bi layin yankan kati a yi shiru. A gaya wa nas ɗin farko da aka gani, “Zazzaɓi ne da sanƙarewar wuya,” ko “Jaririn nan maɗigarsa ta kumbura, ya ƙi nono.” A faɗi lokacin da ciwon ya fara da duk maganin da aka ba shi a gida, har na gargajiya, ba tare da ɓoye komai ba. A nan Gusau muna da Asibitin Tarayya da ake kira FMC, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da babban asibiti, da asibitin mata da yara na Sarki Fahad. Tsafe na da babban asibiti, Bungudu ma haka. Na ƙauye su fara da asibitin da ya fi kusa da su, a duba a tura su gaba in da hali.

Sai maganar da ta fi tsorata mutanenmu, wato ɗibar ruwan baya. Mun sha ji ana cewa, “Anka ɗebe mai ruwan baya, shi ke nan ya tafi.” Akwai waɗanda suka sulale da yaro daga gadon asibiti cikin dare don gudun wannan. Mun tambaya sosai, ga yadda abin yake. Ana kwantar da mara lafiya ta gefe ya dunƙule, a wanke bayan, a sa siririyar allura a ƙasan baya, can ƙasa da inda laka ta ƙare, a ɗiga ruwa kaɗan a 'yar kwalba. Jikin babban mutum na yin kusan rabin lita na wannan ruwan kowace rana, don haka ɗan abin da aka ɗiba yana komawa cikin awanni. Ruwan mai lafiya garau yake kamar na famfo. Na mai sanƙarau yakan fito da gurɓi kamar ruwan wankin shinkafa, likita na gani ya gane. A ɗakin gwaji kuma a gano wace irin ƙwaya ce, har akan aika wani zuwa babban ɗakin gwaji na hukumar NCDC a Abuja. Da wannan ne hukuma ke sanin wace allurar riga-kafi za ta kawo wa gari. Ke nan ruwan bayan yaro ɗaya na iya zama sanadin tsirar unguwa.

To me ya sa ake ganin wasu na mutuwa bayan an ɗiba? Saboda yawancinsu an kawo su ne bayan kwana biyu ko uku ana fama a gida, ciwon ya riga ya gama aikinsa. Ido ya ga allura, bai ga kwanakin da aka ɓata ba. Likita ma yana dubawa kafin ya yi, idan ya ga jikin ba zai ɗauka ba yakan fasa ya ci gaba da magani.

Maganin kansa allura ce. Wadda aka fi amfani da ita sunanta Ceftriaxone, kun ga amfanin aji, yanzu muna iya karanta shi a jikin kwalba. Ta jijiya ake yi ko a tsoka, kuma ba a jiran sakamakon gwaji kafin a fara. A lokacin annoba akan yi ta kwana 5 a jere, jarirai ƙanana da wasu nau'o'in ciwon kuma sukan fi haka. Ana haɗawa da ƙarin ruwa, da maganin jijjiga in ana bukata. A nan muke da wata matsala tamu ta 'yan kasuwa. Yaro na buɗe ido a kwana na biyu ya nemi koko, sai hankali ya koma kan rumfa, a ce a sallame mu. Ƙwayar ba ta gama mutuwa ba, idan ta farfaɗo kuɗin da za a kashe ya ninka na farko. A bari likita ya yi sallama da bakinsa.

Mun san akwai masu ɗari-ɗari da magungunan asibiti, kuma abin yana da asali. A annobar 1996, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 sun mutu, wasu sun nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. An yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ba za mu ce wa kowa ya manta ba. Darasin da muka ɗauka shi ne uwa na da haƙƙin ta tambaya: mene ne sunan maganin nan, kwana nawa za a yi, mece ce wannan takarda da ake son in sa wa hannu? Da can dangwale muke yi. Yanzu muna karantawa, inda ya gagara mu kira 'yar uwa ta karanta mana. Gudun asibiti kuwa ba ya rama wa yaran Kano komai, namu yake ƙarawa a kansu.

Bayan sallama ma aiki bai ƙare ba. Cikin mutum 5 da suka tashi, ɗaya na iya fitowa da wata larura, kuma wadda ta fi yawa ita ce kurumta. Akwai kuma farfaɗiya, da raunin hannu ko ƙafa, da wahalar riƙe karatu. Idan yaro ya dawo gida, ki tsaya bayansa ki kira sunansa a hankali, ki gwada ta kunnen dama da na hagu. In kin ga ba ya waiwaye, ko maganarsa ta fara lalacewa, a koma asibiti a nemi gwajin ji da wuri. Kada a doke shi a ce taurin kai ya koyo, kuma kada a cire shi daga makaranta. A gaya wa malaminsa ya zaunar da shi a gaba.

Wata maganar kuma ta shafe mu kai tsaye. Idan aka ji sanƙarau ya shiga gidan wance, sai a daina sayen ƙosanta, a daina aika yara sayen daddawarta, har wata ta gwammace ta ɓoye ciwon ɗanta don kada ciniki ya mutu. Wannan ƙwaya ba ta daɗewa a wajen jikin mutum. Ba a ɗaukarta a tiyar gero ko a canjin kuɗi. Wanda aka fara yi wa allura, bayan kwana ɗaya ba ya yaɗa ta. Waɗanda ya kamata a sa wa ido su ne masu kwana ɗaki ɗaya da shi, a kula da su har kwana 10, kuma a tambayi ma'aikatan lafiya ko akwai maganin kariya da za a ba su. Idan aka ga mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya, a sanar da mai unguwa da asibiti. Hukumar NCDC na da lambar kira kyauta, 6232.

Riga-kafi ya fi magani. A ƙarshen 2011 aka fara allurar MenAfriVac a Nijeriya, kuma Zamfara na cikin jihohin farko. An yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Wannan allura ta karya lagon nau'in da ake kira A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996. Na 2017 nau'in C ne, shi ya sa har waɗanda aka yi wa ta farko ya kama, mutane suka ce ashe allurar ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce, makullin wani ɗaki ne daban. A watan Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ke kare nau'i biyar a tashi ɗaya, A da C da W da Y da X. Duk ranar da aka yi shelar ta zo unguwa, mu rufe rumfa na awa ɗaya mu kai ɗiyanmu. Alhazanmu shaida ne, Saudiyya ba ta barin maniyyaci ya shiga sai da shaidar allurar sanƙarau. Abin da muka yarda a yi wa iyayenmu don zuwa Makka, me zai hana a yi wa 'ya'yanmu?

Kowace uwa in ta koma gida yau ta ɗauko katin awon ɗanta. Ki nemi inda aka rubuta Penta da PCV, ana yin su a mako 6 da mako 10 da mako 14, kuma suna kare jariri daga wasu ƙwayoyi biyu da ke kawo sanƙarau. Ki nemi BCG ta ranar haihuwa, tana kare shi daga sanƙarau irin na tarin fuka. Sai Men A a wata 9, tare da ta ƙyanda da ta shawara. Inda kika ga gurbi babu rubutu, ki kai shi, ba a biyan ko sisi. Wadda ba ta fara karatu ba ta kawo katin aji ranar darasi mu duba tare, in ta ga dama ta zauna ta rubuta sunanta.

Akwai shawarar da ake ba mu duk bazara a rediyo, a buɗe tagogi, a rage cunkoso a ɗaki. Shawara ce mai kyau, amma mu faɗa wa juna gaskiya. 'Yan uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu suna gidajenmu, ɗakin mutum huɗu ya koma na goma. Wadda ke jin ƙarar bindiga da dare ba za ta bar taga a buɗe ba. Mu yi iya abin da za mu iya: a buɗe ɗaki da rana iska ta ratsa, inda tsakar gida ke da katanga a raba yara wasu su kwana waje cikin gidan sauro, a yayyafa ruwa kafin shara, a rage hayaƙin itace a inda yara ke kwana, mai tari ya rufe baki.

Haka maganar hanya. Mun ce ciwon ba ya jiran gari ya waye, amma ba za mu ce wa 'yar uwa ta hau hanyar Tsafe ko ta fito daga ƙauyen Bungudu da tsakar dare ba, kowa ya san halin da ake ciki. Abin da muke cewa shi ne a yanke shawara da rana. Idan alamu suka fito da hantsi, kada a ce bari a ga la'asar, don la'asar na yi hanya ta rufe sai gobe. Kuma kowane reshe ya san malamin asibitin da ke kwana a garinsu, da gidan da yake.

Hajiya shugaba, ga roƙonmu guda huɗu, muna so a sa su cikin abin da za a tattauna a zama na gaba. Na farko, a buɗe asusun gaggawa daban da adashe, kowace mamba ta riƙa ƙara naira 200 a kan zubinta. Wadda ciwo irin wannan ya faɗa wa a ba ta kuɗin mota da na allurar farko nan take, ba sai an kira taro ba, ta biya a hankali ba tare da ƙarin komai ba. Kuɗin su zauna a hannun mata biyu a kowane reshe, don ciwo ba ya sanin ranar da ma'aji ta yi tafiya. Na biyu, kowace unguwa ta ajiye lambar mai Keke ko ɗan kabu-kabu biyu amintattu, a rubuta a bangon littafin kowa. Na uku, duk wadda ke jinya a asibiti, maƙwabciyarta a kasuwa ta riƙe mata rumfa har a sallame ta, a rubuta ciniki a ba ta lissafi. Idan uwa ta san kayanta ba su lalacewa, za ta zauna a gama allura.

Na huɗu naku ne, masu gidajenmu. Mun san darajar izini, kuma ba mu zo rushe shi ba. Amma sau nawa maigida yana kasuwar ƙauye ko yana gona, waya ba ta shiga, yaro na banƙarewa, uwa na tsaye a zaure ta rasa yadda za ta yi? Muna roƙon ku ba mu izinin tun yau, a gaban iyayenmu: duk ranar da aka ga waɗannan alamu a jikin yaro ko babba, a wuce asibiti, a neme ku daga can. Iyayen miji da ke nan, ku zama shaida, ku kuma isar wa waɗanda ba su zo ba.

'Yan aji sun kwafi alamun nan da hannunsu a takardu, na manya a gefe ɗaya, na jarirai a ɗaya gefen. Suna bakin ƙofa, kowa ta karɓi ɗaya in za ta fita, ta liƙa a ɗaki inda ido zai riƙa gani, ta karanta wa kishiya da maƙwabciya. Allah ya tsare mu da zuri'armu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, ya sa albarka a kasuwancinmu. Na nesa Allah ya kai ku gida lafiya, ku kama hanya tun rana na sama.